Yadda Ake Gane Gungun Taurarin da Zai Ɗore da Wanda Zai Watse

Duk wanda ya ɗaga kai bayan sallar isha'i a watan Disamba, ko a Kano yake ko a Damagaram, zai tarar da Kaza da 'Ya'yanta kusan a tsakar kansa, taurari shida ko bakwai a cunkushe wuri guda, waɗanda malaman hisabi ke kira Surayya. Abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne daga cikinsu, domin taurarin wannan gungu sun haura dubu, suna can nesa da mu da kimanin shekarar haske 440 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara guda), kuma sun shafe fiye da shekara miliyan 100 suna tare. Wannan daɗewar tasu ita ce abin lura. Yawancin taurari a taro ake haifarsu, cikin manyan gizagizan gas da ƙura masu tsananin sanyi, amma ƙalilan ne daga cikin tarukan ke kai shekarun Surayya ba su watse ba. A shekarar 2003 Charles Lada da Elizabeth Lada sun gwama yawan gungunan da har yanzu ke lulluɓe cikin gizagizansu a kusa da rana da yawan waɗanda suka manyanta, suka ga waɗanda ke kaiwa ga girma ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Wannan jagora an shirya ta ne domin ɗalibi ko mai sha'awar ilimin taurari da ke son ya dubi sabon gungu, a galaksinmu, wato ƙaton taron biliyoyin taurari da rana ke ciki, ko a wani galaksi mai murɗaɗɗun hannuwa irin namu, ya yanke hukunci mai hujja a kan makomarsa. Haske da kyan gani ba su isa hujja ba, domin taron da ya fi kowanne ƙyalli a hoto na iya zama wanda tuni ya kama hanyar watsewa. Hukuncin yana fitowa ne daga gwama shekarun gungun da girmansa da nauyinsa, sannan a dubi unguwar da yake zaune.

Kayan aiki ba su da tsada. Madubin hangen nesa mai ido biyu ya isa a horar da ido, manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana nuna inda kowane gungu yake a kowane dare, sannan bayanan tauraron ɗan'adam na Gaia da hotunan na'urorin hangen nesa na Hubble da James Webb da ke sararin samaniya a buɗe suke a intanet ga kowa, ana iya duba su da manhajar Aladin ko TOPCAT. Ma'auni biyu ne ya wajaba a riƙe. Na farko shi ne farsek, wanda ya kai shekarar haske 3.26. Na biyu kuwa, tauraron da ke gudun kilomita 1 a daƙiƙa yana cin kusan farsek 1 a shekara miliyan 1. Nauyi kuma da nauyin rana ake auna shi, a ce gungu kaza yana da nauyin rana 1,000.

Fara da horar da ido

Kafin a taɓa lissafi, yana da kyau a ga matakan rayuwar gungu da ido, kuma daren rani guda ya isa, muddin ƙurar hunturu ta lafa, wata bai yi haske ba, an kuma nisanci fitilun gari. A fara da Oriyon, wanda Larabawa ke kira Jauza'u. Ƙasa da taurari ukun nan da suka jeru akwai wani ɗan hazo mai haske, shi ne gajimaren Oriyon, mai nisan kimanin shekarar haske 1,350, inda taurari 'yan dubbai da ba su wuce shekara miliyan 1 zuwa 3 ba suke zaune cikin gas ɗin da ya haife su. Daga nan a juya arewa zuwa tagwayen gungu na Farsiyus, masu shekara wajen miliyan 13, waɗanda babu sauran gas a tare da su. Sai Surayya. Sai gungun Hayadis da ke kewaye da jan tauraron nan Dabaran, da kuma gungun da masu lissafin taurarin damina suka sani da Nasara, dukansu biyu sun haura shekara miliyan 600. Mai kallo zai lura da kansa cewa gwargwadon tsufan gungu, gwargwadon ƙarancin shuɗɗan taurarinsa.

Mataki na farko: a tabbatar gungu ne na gaskiya

Taurari na iya haɗuwa a ido alhali tsakaninsu akwai nisan da ba ya misaltuwa. Tun a 1767 John Michell na Ingila ya lissafa cewa yiwuwar taurarin Surayya su jeru haka bisa katari bai wuce ɗaya cikin kusan 500,000 ba, don haka ya ce lallai tare suke. Ya yi daidai a kan Surayya, amma wannan hujja ba ta wadatar a ko'ina. Akwai wani taro da Abdurrahman al-Sufi ya bayyana a shekarar 964, wanda yanzu ake kira Collinder 399, an daɗe ana ɗaukarsa gungu, sai a ƙarshen shekarun 1990 ma'aunin tauraron ɗan'adam na Hipparcos ya nuna kowane tauraro a cikinsa da nisansa da alƙiblarsa. Shi kansa Dabaran ba ɗan gidan Hayadis ba ne: yana nesa da mu da shekarar haske 65, su kuwa suna wajen 150.

Hanyar tantancewa ita ce a ɗauko bayanan Gaia na yankin da ake nazari. An harba Gaia a watan Disamba na 2013, kuma kundinta na 2018 da na 2022 sun ƙunshi matsayi da motsin taurari fiye da biliyan ɗaya. A zana motsin kowane tauraro a kan takarda, motsin gabas da yamma a gefe ɗaya, na kudu da arewa a ɗaya gefen. 'Yan gida ɗaya za su taru a ɗigo guda, baƙi kuma su warwatsu. Daga nan a tace da nisa, a zubar da duk wanda nisansa ya saɓa wa na sauran.

Mataki na biyu: a dubi gas, a ƙiyasta shekaru

A nan ne haɗari na farko a rayuwar gungu yake, kuma ya cancanci a tsaya a fahimce shi sosai. Gajimare ba ya mayar da dukkan gas ɗinsa taurari. A yankunan da gungu ke tsirowa, kashi 10 zuwa 30 cikin 100 ne kawai ke zama taurari, a gajimaren gaba ɗaya kuwa kason bai ma kai haka ba. Ragowar gas ɗin yana nan tsakanin taurarin, kuma nauyinsa yana cikin abin da ke riƙe da su, kamar maɗaurin tsintsiya. Gudun da kowane tauraro ke yi ya dace ne da jan nauyin taurari da gas a haɗe. To sai manyan taurari, masu nauyin rana 20 zuwa sama, su fara aikinsu: zafafan haskensu ya ƙona gas ɗin ya kumbura shi, iskar da ke fita daga jikinsu ta tura shi waje, daga baya kuma, bayan shekara miliyan 3 zuwa 4, na farkonsu su fara fashewa. Idan gas ya tafi, nauyin da ke riƙo ya ragu, amma gudun taurarin bai ragu ba.

Jack Hills ya nuna a 1980 cewa idan taro ya rasa fiye da rabin nauyinsa farat ɗaya, ba zai iya riƙe kansa ba. Gwaje-gwajen kwamfuta na baya, ciki har da na Holger Baumgardt da Pavel Kroupa a 2007, sun sassauta wannan iyaka, suka ce wani ɓangare na taron na iya tsira ko da kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa ne kawai ya rage, suka kuma nuna cewa idan gas ɗin ya fita a hankali, har taurari suka sami damar daidaita tafiyarsu, gungun da kashi 10 zuwa 20 kacal na gas ɗinsa ya zama taurari na iya tsira da wani ɓangare nasa. Saboda haka tambayoyi biyu ne a nan: nawa ne gas ɗin da ya rage a tsakanin taurarin, kuma da wane sauri yake fita.

A aikace, a duba hoton gungun a launuka uku. Idan a hasken infared kaɗai ake ganinsa, wato hasken da idon mutum ba ya kamawa amma yake ratsa ƙura, ido na yau da kullum ba ya ganin komai sai duhun ƙura, to yana cikin zanin goyo tukuna. Idan akwai jan hasken haidirojin, wanda ke fita a tsawon zango na nanomita 656, a kan taurarin ko a zagaye da su kamar zobe, to manyan taurarin suna raye kuma gungun bai wuce 'yan miliyoyin shekaru ba. Idan shuɗɗan taurari ne tsirara babu jan hazo, an riga an share gas. Binciken da aka yi a galaksin M83 da Hubble, da na PHANGS, wani shirin nazarin galaksin da ke kusa da mu, wanda ya haɗa da na'urorin hangen nesa na ALMA da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chile, sun nuna cewa wannan shara takan kammala cikin shekara miliyan 5 ko ƙasa da haka, sau da yawa tun kafin tauraro na farko ya fashe.

Akwai tarko ɗaya da ke kama masu fara nazari. Shuɗin hazon da ake gani a hotunan Surayya ba ragowar gajimaren haihuwarta ba ne, wata ƙura ce dabam da gungun ke ratsawa a yanzu.

Game da shekaru, a gungun da ake iya rarrabe taurarinsa ɗaya bayan ɗaya, a zana hasken kowanne a kan launinsa, a nemi tauraro mafi nauyi da har yanzu ke ƙona haidirojin a cikinsa. Tauraro irin rana yana kai shekara biliyan 10, mai nauyin rana 20 kuwa da ƙyar yake kai miliyan 10, don haka mafi girman wanda ya rage shi ne agogon gungun.

Mataki na uku: lissafin lokacin ƙetarawa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin duka. Tun a 1947 Viktor Ambartsumian na Armeniya ya bambanta gungu na gaskiya da wani irin taro mai faɗi, marar kauri, wanda taurarinsa ke tafiya tare don an haife su tare amma babu abin da ya ɗaure su. Irin wannan taro za mu kira shi ayari, domin kamar ayarin fatake ne da suka taso daga gari ɗaya, kowa da inda zai ratse. Taurarin kunama, waɗanda suka jeru a sama da siffar kunama, har da jan tauraron nan Antares, suna cikin ayari mafi kusa da mu na manyan taurari, kuma biyar daga cikin taurari bakwai na babbar ludayin arewa ragowar wani tsohon taro ne da ke tafiya tare har yau.

A 2011 Mark Gieles da Simon Portegies Zwart suka ba da ma'auni mai sauƙi na raba gungu da ayari. A lissafa tsawon lokacin da tauraro zai ɗauka ya ƙetare taron daga gefe zuwa gefe, sannan a raba shekarun taron da wannan lokaci. Idan sakamakon ya haura 1, taurarin sun sami isasshen lokacin da za su gudu amma ba su gudu ba, ke nan akwai abin da ke riƙe da su. Idan bai kai 1 ba, ba a jarraba su ba tukuna, ko kuma suna kan hanyar rabuwa.

Ga yadda ake yi. A auna nisan da ke tsakanin tsakiyar taron da da'irar da ta ƙunshi rabin haskensa, a farsek. A ninka wannan adadi da kansa sau uku. A raba shi da nauyin taron da aka riga aka ninka da 0.0045. A ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da shi, a ninka da 10. Amsar tana fitowa a miliyoyin shekaru.

A ɗauki taro biyu, kowanne mai nauyin rana 1,000 da shekara miliyan 20. Na farko rabin haskensa yana cikin farsek 1: an raba 1 da 4.5 an sami 0.22, tushensa 0.47, lokacin ƙetarawa ya kama shekara miliyan 4.7, kuma 20 a raba da 4.7 ya haura 4. Wannan gungu ne ɗaurarre. Na biyu rabin haskensa yana cikin farsek 10: an raba 1,000 da 4.5 an sami 222, tushensa kusan 15, lokacin ƙetarawa shekara miliyan 150, kuma 20 a raba da 150 bai kai 0.2 ba. Wannan ayari ne, ko da ya fi na farko ɗaukar ido a hoto. Abin da misalin ke koyarwa shi ne faɗi ya fi nauyi tasiri nesa ba kusa ba, domin ninka faɗi sau 10 ya tsawaita lokacin fiye da sau 30, alhali ninka nauyi sau 10 sau uku kawai yake rage shi. Don haka duk ƙoƙarin da za a yi, a zuba shi wajen auna faɗin daidai.

Idan aka gwada Surayya, da nauyin rana wajen 800 da faɗin kusan farsek 3, lokacin ƙetarawa ya kama shekara miliyan 27, shekarunta kuwa sun ninka wannan kusan sau huɗu. Gungun Oriyon kuwa amsarsa tana rataye kusa da 1, kuma wannan ba laifin mai lissafi ba ne. Ma'aunin yana rarrabewa sarai ne bayan shekara miliyan 10, kafin nan gungu da ayari suna cuɗanya. Ni a ganina duk wanda ya yanke hukunci a kan taron da bai kai shekara miliyan 5 ba da wannan ma'auni kaɗai ya yi gaggawa. Ba kuma lallai ne amsar ta zama tsira duka ko watsewa duka ba: a wani gwajin kwamfuta na 2001, Kroupa da Sverre Aarseth da Jarrod Hurley sun fara da gungu mai kama da na Oriyon, suka kore gas ɗinsa, sai kusan kashi biyu bisa uku na taurarin suka bazu suka zama ayari, ragowar suka dunƙule suka zama abu mai kama da Surayya.

Mataki na huɗu: a auna gudu, amma da hattara

Inda ake da ma'aunin gudun taurari, ana iya ƙara bincike na biyu. A ɗauki bambancin gudun da ke tsakaninsu a kilomita cikin daƙiƙa, a ninka shi da kansa, a ninka da faɗin nan na rabin haske, a ninka da 10, a raba da 0.0043. Abin da ya fito shi ne nauyin da ake bukata kafin a riƙe taurari masu irin wannan gudu. Gungu mai bambancin gudu na kilomita 1 da faɗin farsek 1 yana bukatar nauyin rana wajen 2,300. Idan nauyin da aka ƙirga daga taurarin da ake gani ya yi kusa da wannan, gungun a daidaice yake. Idan ya gaza shi da nisa, alama ce ta watsewa. Da bayanan Gaia ana iya ma ganin kumburar kai tsaye, ta hanyar duba ko taurarin gefe suna fuskantar waje: a 2019 Michael Kuhn da abokan aikinsa sun duba sabbin taruka 28 suka tarar kusan kashi uku bisa huɗu suna kumbura, da gudun kimanin rabin kilomita a daƙiƙa.

Hattarar ita ce taurari masu abokin zama. Mafi yawan manyan taurari bibbiyu suke, suna zagaya juna da gudun gomman kilomitoci a daƙiƙa, wani lokaci ɗaruruwa, kuma wanda ya auna su sau ɗaya zai ɗauka gudun ficewa ne. Haka ta faru da gungun R136 da ke cikin Babban Gajimaren Magellan (wani ƙaramin galaksi ne maƙwabcin namu), gungun da aka taɓa zaton yana tarwatsewa. Da aka maimaita awo a darare dabam-dabam aka ware masu abokan zama, sai bambancin gudun da zai iya kai kilomita 25 ya sauko zuwa 4 ko 5, daidai da abin da nauyinsa zai iya riƙewa. Awo ɗaya ba ya isa.

Ya kamata kuma a guji ɗauka cewa kowane ayari tsohon gungu ne da korar gas ta kwance. Nazarin motsin taurari a ayarin kunama da na Cygnus OB2 bai nuna suna bazuwa daga cibiya guda ba, abin da ke nuni da cewa tun asali a warwatse aka haife su. Gwaje-gwajen kwamfuta kuma sun nuna cewa a tsakiyar gajimare mai kauri taurari kan cinye gas ɗin da ke kusa da su tun kafin a kore shi, don haka tafiyar ragowar ba ta girgiza su sosai.

Mataki na biyar: a dubi unguwa

Gungun da ya tsallake shekara miliyan 10 na farko bai huta ba. Taurarinsa suna ci gaba da zubar da nauyi ta hanyar iska da fashewa, kimanin kashi 10 cikin 100 a shekara miliyan 10 na farko, kashi 20 zuwa shekara miliyan 100, kuma hakan yana sa shi kumbura a hankali. Gilmawar taurari kusa da juna tana ba ƙanana ƙarin gudu har su sulale ɗaya bayan ɗaya. Galaksin kansa yana jan gefen gungun da ke fuskantar cibiya fiye da ɗaya gefen, don haka akwai iyakar da idan tauraro ya wuce ta ya fita daga hannun gungun. A yankin rana ana ƙiyasta wannan iyaka da ɗaukar tushen uku na nauyin gungun, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa sau uku zai ba da nauyin, a ninka da 1.4, amsar a farsek. Gungu mai nauyin rana 1,000 iyakarsa farsek 14 ce. A gwama wannan da faɗin da aka auna: gungun da ya cika iyakarsa taf yana zubar da taurari, wanda ya tattaru a can ciki yana da sauran kwana. A 2019 an gano wutsiyoyi biyu na taurarin da suka zube daga Hayadis, ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, a cikin bayanan Gaia.

Babban maƙiyi kuwa shi ne irin gajimaren da ya haifi gungun. Lyman Spitzer ya nuna a 1958 cewa duk lokacin da ƙaton gajimare ya gilma kusa, jansa yana girgiza taurarin ya ƙara musu gudu, kuma gungu marar kauri ya fi jin jiki. A galaksi mai murɗaɗɗun hannuwa, gizagizan a cikin hannuwan suka fi taruwa, wato daidai inda ake haihuwar gungunan, don haka shekarun farko su ne mafi haɗari har sai gungun ya fice daga hannun. Henny Lamers da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2005 cewa gungu mai nauyin rana 10,000 yana kai shekara biliyan ɗaya da ɗoriya a yankin rana, amma a cikin tsakiyar galaksin M51, inda gas ya yi kauri, ƙiyasin bai wuce shekara miliyan 100 zuwa 200 ba. Wannan ne ya sa tsofaffin gunguna irin M67, mai shekara wajen biliyan 4, ake samunsu can wajen gefen galaksi ko sama da faifansa, wato shimfiɗaɗɗen jikinsa mai siffar faifai, inda gizagizai ba su da yawa. Saboda haka a rubuta nisan gungun daga cibiyar galaksi, a duba ko a cikin hannu yake ko a tsakanin hannuwa, sannan a ɗora taswirar gas a kan hotonsa.

Mataki na shida: idan gungun yana wani galaksi

A M51, wanda Lord Rosse ya fara ganin murɗewarsa a 1845 daga Ailan, ko a M83 ko M74, ba a ganin taurarin gungu ɗaya bayan ɗaya. A nisan farsek miliyan 10, ɗigo ɗaya na kyamarar Hubble ya kai kusan farsek 2, gungu kuwa faɗinsa farsek 2 zuwa 3 ne, ke nan abin da ake gani ɗan ɗigo ne da ya ɗan fi tauraro kumburi. A madadin haka ana samun dubban gunguna a hoto guda, abin da ƙurar faifan galaksinmu ta hana mu samu a gida. Shirin LEGUS ya duba galaksi 50, PHANGS ya duba 38 da Hubble sannan 19 da James Webb a zagayen farko, a Andromeda kuma masu sa kai ta intanet sun taimaka aka tantance gunguna 2,753.

A fara da siffa. Wanda yake zagayayye mai cibiya ɗaya ya fi yiwuwar zama ɗaurarre, mai cibiyoyi da yawa kuwa galibi ayari ne, kuma haɗa su a ƙidaya ɗaya shi ne tushen ruɗani mai yawa. Daga nan a ƙiyasta shekaru da nauyi daga launuka, tun daga hasken da ya wuce shuɗi zuwa ja, a ƙirga gunguna nawa ne a kowane zangon shekaru, a raba da tsawon zangon. Idan haihuwa ba ta sauya ba kuma babu mutuwa, adadin zai tsaya daidai. Raguwarsa ita ce ma'aunin watsewa.

Tarkuna uku ne a nan. Gungu yana dushewa da tsufa, kusan sau biyar duk lokacin da shekarunsa suka ninka sau 10, don haka wanda ya ɓace daga hoto ba lallai ne ya watse ba. Maganin wannan shi ne a taƙaita ƙidaya ga masu nauyin rana 5,000 zuwa sama da shekarun da ba su wuce miliyan 200 ba. Na biyu, a ƙaramin gungu tauraro ja guda ɗaya na iya sauya launin gungun duka ya ɓata lissafin shekaru, kuma ƙanana su ne mafi yawa, domin a kan kowane gungu mai nauyin rana 100,000 ana samun kusan 10 masu 10,000 da kusan 100 masu 1,000. Na uku, ƙura tana mayar da sabon gungu ja kamar tsoho, har an sha rikita tsofaffin gunguna masu shekara biliyan 10 da jarirai masu lulluɓin ƙura. Jan hasken haidirojin da hotunan infared su ne ke raba gardama.

Ko bayan an kiyaye duk wannan, za a tarar masana sun kasu biyu. Michael Fall da Rupali Chandar da Bradley Whitmore, waɗanda suka fara da galaksi biyun nan masu karo da juna da ake kira Antennae, suna ganin kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na gunguna suna ɓacewa duk lokacin da shekaru suka ninka sau 10, ba tare da la'akari da nauyi ko wuri ba. Lamers da Gieles da Nate Bastian da Angela Adamo suna ganin nauyi da unguwa su ne ke yanke hukunci. Hujjar ɓangare na biyu ta fi gamsar da ni, domin a M83 kason taurarin da ake haifa cikin ɗaurarrun gunguna yana sauka daga kusan kashi 26 a ciki zuwa kusan kashi 8 a gefe, a faifan Andromeda marar yawan gas kuwa tsakanin kashi 4 ne da 8, kamar yadda lissafin Diederik Kruijssen na 2012 ya hango. Amma wani kaso mai yawa na saɓanin ya samo asali ne daga abin da kowane ɓangare ya yarda ya kira gungu a shekara miliyan 10 na farko. Wanda zai yi tasa ƙidayar sai ya yi ta sau biyu, ɗaya da masu cibiyoyi da yawa a ciki, ɗaya kuma ba tare da su ba, ya raba galaksin gida biyu, ciki da waje, sannan ya fitar da zane huɗu na ƙidayar shekaru ya ajiye su gefe da gefe kafin ya ce ga kason da ke watsewa.